Yadda Luba Ta Kai Bakwai

A gidanmu, a wani ƙauye da ke bakin gulbin Rima kafin a kai Goronyo, ba a jiran dare ya raba kafin a fara tatsuniya. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai kakarmu ta jawo guntun icen da ya rage a murhu ta kawo shi ƙofar ɗakinta, ta ƙara masa karan gero, mu kuma mu jawo tabarmi mu kewaye shi. Lokacin sanyi na fi tunawa, lokacin da albasa ke fadama, Baba yana dawowa daga ban ruwa da laka har gwiwa. Yakan zauna can gefe a kan turmi yana gasa tafin ƙafarsa, yana yi kamar ba ya sauraronmu.

Kaka gajeruwa ce, mai kaifin baki, kuma kowane irin rashin ji tana da tatsuniyarsa. In ka saci ƙuli-ƙuli da rana, to da yamma za ka ji labarin wani ɓera mai kama da kai har a tafiya. Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallonsa ido da ido. "Mai albasa" take ce masa. In tana da magana da shi, sai ta fuskanci wuta ta faɗa wa wutar, shi kuma ya amsa daga kan turminsa. Mun tashi mun tarar da haka, ba mu taɓa jin abin ya yi mana wani iri ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta ina da shekara goma, ƙanwata Luba tana da bakwai. Luba ba kamar sauran yara take ba. Ta daɗe ba ta yi tafiya ba, ba ta yi magana ba sai da ta kusa shekara huɗu, kuma ko da ta fara, harshenta yana da nauyi. Fuskarta zagayayya ce, idanunta ƙanana, ga yawan dariya. Sai da na girma na shiga kwalejin horon malamai na ji sunan da likitoci ke kiran irin halittarta. A ƙauyenmu kuwa masu kirki sukan ce haka Allah ya yi ta, marasa kirki su ce doluwa. Na yi dambe a kan wannan kalma ya fi a ƙirga, ko da yake ni ma in ta ba ni haushi a cikin gida nakan faɗa mata ita.

A wannan shekarar aka sa ta aji ɗaya, kuma ban taɓa ganin wanda ya so makaranta kamar Luba ba. Tun kafin a kira asuba take tashi ta sa rigar makaranta, sau da yawa a baibai, ta rataya jakar da mahaifiyarmu ta ɗinka mata da buhu, ta tsaya a bakin zaure tana jirana. Ba ta gane abin da ake rubutawa a allo, amma tana son layi, tana son ƙararrawa, tana son a kira sunanta ta ce tana nan. Wata rana malaminsu, wanda yara suka yi masa yawa ƙwarai, ya ba ni saƙo in kai gida. Ya ce Luba ba ta ɗaukar komai, ko ƙidaya ba ta iya ba, zamanta a gida ya fi mata.

Baba ba mugu ba ne. Da ya ji saƙon, sai ya ce shi ba ya son a mayar masa da ɗiya abin dariyar yara. In an cire albasa an yi hutu, Luba ba za ta koma ba.

Ni kuwa a lokacin ni ce ta ɗaya a ajinmu, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Na ce a raina ƙidaya ce kawai? Cikin mako guda, da tafi, da tsawa, da ɗan ranƙwashi in ba mai gani, na sa Luba ta haddace ɗaya zuwa ashirin. Ran da na tabbata ta zauna mata, na tsayar da ita a gaban wuta, gaban kowa, na ce ta fara. Ta rera su tiryan-tiryan tana kaɗa kai, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na dubi Baba ina jiran yabo.

Kaka ta miƙa hannu cikin kwandon cefane ta ɗauko ƙananan albasa uku ta ajiye a kan tabarma.

"Luba, ga su nan. Nawa na?"

Luba ta ɗora yatsa a kansu tana shafawa gaba da baya, ta sake rero waƙarta har ashirin, ta ɗago kai tana murmushi. Yaran maƙwabta da suka zo jin tatsuniya suka fashe da dariya. Kunya ta rufe ni, na kai mata duka a baya, ta yi tsaye tana kallona ba ta san laifin da ta yi ba. Har yau in na tuna wannan kallo raina yakan ɓaci.

Kaka ta ce, "Aje hannunki, Saratu. Waƙa kik koya mata, kuma ta iya. Bakinta ka tahiya shi kaɗai, ya baro hannunta baya." Sannan ta juya ta fuskanci wuta. "A gaya ma mai albasa shi bar mani yarinyag ga har a cire albasa. In an cire, shi zuba mata goma shi gani da idonai."

Daga kan turmi Baba ya ce, "To, Inna."

Washegari da muka taru, sai muka ga Kaka ta fito da ƙorai biyu, da ludayi, da 'yan albasa a gefen zanenta. Ta ajiye ƙwarya ɗaya a damanta, ɗaya a gaban Luba, ta bar fili a tsakani ta ce nan ne gulbi. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa a sauran gidaje. Cewa take yi, "Ga wata ta ƙetaro gulbi tana sallama," mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Labarin wata akuya ce da ke zaune da 'ya'yanta a wannan gaɓa. Rani ya yi, ciyawa ta ƙare, sai can ƙetare a fadama. Mai fito ɗaya ne a duk gulbin, ita ce Kura, kuma an san ta da iya lissafi. Kullum da safe sai ta ɗebi 'ya'yan akuya a jirgi ta kai su kiwo, da yamma ta dawo da su, ta tsaya a bakin ruwa ta ƙirga da sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ta ce sun cika. Akuya ba ta iya bin bakin Kura, sai ta ce madalla, ta kora 'ya'yanta gida.

Na katse ta, don ni ban iya jin abu in yi shiru ba. Na ce wace irin akuya ce za ta ba kura 'ya'yanta?

Kaka ta ce, "Wadda ka jin kunyar a ce ba ta iya ba. Suna da yawa, har masu ƙahwa biyu."

To, da Akuya ta kwanta sai ta ji gefen cikinta da sanyi, wurin da wani ɗa ya saba kwanciya babu kowa. Ba ta san nawa suka ɓace ba, ta dai san akwai sanyi. Ta tafi wurin Kunkuru, wanda duk gari ke yi wa dariya saboda nawarsa. Kunkuru ya ce mata kada ta ƙara sauraron bakin Kura. Ta tsaya a bakin jirgi, ta sa a sauko da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya taka ƙasa ta lashi goshinsa tukuna, sannan ta kira masa lamba. Wanda ba ta lasa ba, kada ta kira. Akuya ta yi haka. Kura tana ta tsaki tana cewa dare zai yi, Akuya ba ta kula ba, har aka gama sauka ta ga da saura. Ta leƙa cikin jirgi ta ɗaga tabarma, sai ga ɗanta a ɗaure an toshe masa baki da ciyawa. Daga nan aka bi Kura har raminta aka kwaso sauran.

Amma Kaka ba da baki kawai ta ba da wannan labari ba. Ita ce Kura, Luba ce Akuya, ludayi ne jirgi. Takan ɗora albasa guda a ludayi, ta tuƙo shi a hankali ta cikin gulbin tana kukan kura, Luba ta karɓa, ta taɓa ta da yatsa, ta ce "ɗaya," ta saka a ƙwaryarta. Sai ludayi ya koma ya ɗauko wata. A daren farko 'ya'yan akuya biyu ne kacal. Luba ta so ta zarce da waƙarta, amma duk lokacin da bakinta ya riga hannunta, sai Kura ta yi dariyar mugunta ta ɓoye ɗa guda a bayanta. Luba ba ta son wannan dariya ko kaɗan.

Na ɗauka kwana biyu za a yi a wuce wurin. Ina! Kullum sai an fara da akuyar nan kafin a ba mu wata tatsuniya. Yaran maƙwabta suka fara zuwa a makare don a gama da ita kafin su iso. An fi mako guda a kan biyu. Ran da Kaka ta ga biyu ta zauna daram, sai ta sanar da mu da murna cewa Akuya ta haihu, ta fito da albasa ta uku, har ta sa muka yi mata barka. Haka Akuya ta riƙa haihuwa, ɗa ɗaya a lokaci guda, kuma ba ta haihuwa sai Luba ta shirya.

Abin da ya fi ba Luba wuya ba taɓawar ba ce. Takan ƙirga uku daidai, amma in aka ce mata nawa ne, sai ta koma ta faro daga ɗaya. Ba ta gane cewa kalmar da ta faɗa ta ƙarshe ita ce amsar ba. Ni dai na rasa yadda za a yi wa mutum bayanin abin da yake a fili haka. Kaka ba ta yi bayani ba. Da Luba ta saka ta ƙarshe a ƙwarya, sai Kaka ta yi maza ta rufe ƙwaryar da faifai ta ce, "Shhh, sun yi kwana, kar ki tashe su. Akuya, ɗiyanki nawa ka kwana ciki?" Luba ta kai hannu, Kaka ta riƙe faifan. Kwanaki ana haka, Luba tana fushi tana tura baki. Wata yamma ta dubi faifan ta daɗe, ta ce a hankali, don kada su farka, "Ukku." Na ga Kaka ta juya tana gyara icen da ba ya bukatar gyara.

Ba kullum ake ci gaba ba. Da aka kai biyar, zazzaɓi ya kwantar da Luba kwana shida, ta tashi kamar an share allo. Na fashe da kuka don takaici, na ce wa Kaka aikin banza muke yi, ga albasa har ta fara kwantar da ganye. Kaka ta mayar da albasa uku cikin zanenta ta ce Akuya ta aika su gaida dangi a ƙauyen Rara, za su dawo. Sannan ta dube ni.

"Ke da kika ta ɗaya aji, wa yab bi ki da bulala kik koyi tahiya? Kowa da ranar da ƙahwatai ka ɗaukar shi. In ba ki iya jira, tashi ki ba mu wuri."

Ban tashi ba. Daga ranar ma ni na karɓi ludayi, na zama Kura, kuma kowa ya ce ta dace da ni.

Aka cire albasa. Baba da ƙannensa suka yi kwanaki suna kwasowa daga fadama suna zubawa a rumfar kara a bayan gida, ana ware ta kasuwar Goronyo da ta ajiya. Luba kuwa bakwai ta kai. Kaka ta gwada takwas sau biyu ta ga ba ta zauna ba, ta mayar da ita. Na roƙe ta ta tura Luba ko da ƙarfi ne, tunda waƙar tana bakinta har ashirin. Ta ce ita ba ta gina ɗaki a kan danyen tubali don mai albasa na sauri.

Ran da Baba ya tashi gwajinsa, bayan la'asar ne, a bakin rumfar. Ya zaɓo albasa goma manya ya jera a kan buhu, ya kira Luba. Mahaifiyarmu ta tsaya daga nesa da tsintsiya a hannu. Kaka ta zauna ta ba shi baya kamar yadda ta saba. Ni na durƙusa dab da Luba, kuma na riga na shirya abin da zan yi.

Luba ta ɗauki ta farko, ta taɓa, ta ce ɗaya, ta ajiye a gefe. Ba ta yi sauri ba. Kaza ta ratsa ta gabanta ba ta ɗago ba. Huɗu, biyar, shida, bakwai. Sai ta tsaya. Ga uku sun rage a kan buhu. Na sunkuya kamar ina gyara mata ɗankwali na raɗa mata, "Takwas, tara, goma. Ce goma." Ta ture ni da gwiwar hannu. Ta dubi ukun nan, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta yi musu wani wuri daban, tana cewa ɗaya, biyu, uku. Ta ɗora tafin hannu a kan babban tsibi, ta ɗora ɗayan a kan ƙaramin, ta dubi Baba.

"Bakwai. Da ukku."

Na ji kamar in nutse. A ganina ta faɗi, tunda goma aka ce. Baba ya ce, "Duka nawa ke nan, Luba?" Ta sake cewa bakwai da uku, ta ƙara danna hannuwanta a kai kamar za a ƙwace mata.

Kaka ta yi magana tana fuskantar danga, tunda babu wuta a wurin. "A gaya ma mai albasa, yarinyag ga ta san goma da baki, kuma ga wata nan ta raɗa mata, na ji ta. Ta ƙi hwaɗi don hannunta bai kai can ba tukuna. Shi duba cikin masu auna mashi albasa kasuwa, in ya samu guda mai wanga hali, shi zo shi gaya mani."

Baba ya dubi tsibin nan biyu. Sannan ya tattara albasar ya mayar rumfa, ya ɗaga murya ya ce wa mahaifiyarmu a wanke wa Luba rigar makaranta a ajiye, kuma in an koma shi da kansa zai je ya ga malamin. Ni ko kallona bai yi ba, kuma hakan ya fi mini duka zafi.

Luba ta yi shekara huɗu a makaranta. Ba ta iya karatu sosai ba, amma tana rubuta sunanta, kuma ƙidayarta ta wuce ashirin, kowace lamba da hannunta ta kai ta. Kaka ta rasu ina kwaleji. Yanzu ni ke koyar da aji ɗaya a wata makaranta a ƙasar Rabah, kuma kusan kowace shekara sai an kawo mini yaro ko yarinya da aka ce ba ya ɗaukar komai. Da na fara aiki na ɗauka darasin tatsuniyar nan na Luba ne, wato mai rauni ya bi a hankali. Sai da na ga kaina a gaban allo ina jan yara suna rera ɗaya zuwa ɗari, ina jin daɗin amon muryarsu, alhali rabinsu ba za su iya miƙo mini murafun kwalba huɗu ba, sannan na gane da wa Kaka take. Ba ta taɓa damuwa da nawar Akuya ba. Mai saurin bakin nan da ke cewa sun cika don a sallame ta, ita take yi wa kashedi, wato ni, kuma ta san tana zaune a gabanta tana riƙe da ludayi. Har yau ina fama da wannan hali. Ina dai ƙoƙarin in tsaya inda hannun yaro ya tsaya, ko da a kan biyu ne, ko da za a yi wata guda a wurin.

Baba ya tsufa yanzu, ya bar fadama ga ƙannenmu. Hawan jini ya kama shi, idonsa kuma ya yi rauni, ba ya bambance ƙwayoyin maganin da aka rubuta masa a asibiti. Luba ce a gida tare da su. Hutun da ya wuce na je, da safe na ga lokacin maganinsa ya yi tana can tana wanke-wanke, sai na ɗauko ledar na ɓallo ƙwayoyin na zuba masa a hannu, na miƙa masa ruwa. Ya riƙe su bai sha ba.

"Kira mani Luba."

Na ce, "Baba, ai na duba takardar, daidai suke."

Ya ce, "Na sani, Malama. Ba raini na ba. Ke dai sauri gare ki."

Luba ta zo tana goge hannu a zane. Ta kwashe ƙwayoyin daga tafinsa, ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, tana taɓa kowace tana kiran lambarta. Da ta gama ta naɗe masa yatsunsa a kai ta ce, "Ukku, Baba. Sha." Sannan ya sha.